Gwangwanin Ƙusoshin Yaya

Yayana mai gyaran takalmi ne. Na faɗa tun daga farko, kuma zan yi ta maimaitawa har ku gaji, domin akwai dubban mutane da suka san fuskarsa a waya amma ba su san wannan ba. In kana cikinsu, in har ka taɓa rubuta "Allah sarki" a ƙarƙashin hotonsa, to buɗe kunnenka da kyau: takalmi yake gyarawa, da shi yake ci, da shi ya ciyar da mu.

Shan inna ce ta kama shi tun kafin a haife ni. Ni ban taɓa ganinsa a tsaye ba. Ƙafafunsa sirara ne, a lanƙwashe, amma daga ƙugu zuwa sama ƙato ne na gaske, in ya damƙi hannunka a gaisuwa sai ka nemi ya yi maka afuwa. Da babanmu ya rasu, wani kawunmu ya zo gaisuwa, ya zauna ya miƙe ƙafa a tsakar ɗaki, ya ce wa innarmu tunda babu mai nema, me zai hana a riƙa kai yaron nan bakin danja da safe, ai masu motoci suna da tausayi. Yaya yana bakin ƙofa yana ji. Ya ɗauki takalmin kawu ƙafa ɗaya ya cilla shi saman kwano, ya ja jiki ya fita. Inna ta ce shi ne takalmi na farko kuma na ƙarshe da Yaya ya taɓa wulaƙantawa. A satin ya kai kansa wurin wani tsoho mai gyaran takalmi ya ce a koya masa.

Wurin aikinsa yana jingine da katangar wani kantin magani, kusa da inda motocin haya suke tsayawa. 'Yar rumfar kwano ce, da tabarmar roba, da akwatin katako mai hawa biyu: sama basilla da zare da wuƙa da almakashi, ƙasa gam da buroshi da man gogewa. Takalman da ya gama suna jere a damansa, waɗanda ke jira suna hagu. A gaban gwiwarsa kuma akwai wani tsohon gwangwanin madara da yake zuba ƙananan ƙusoshi, ba ya ma dubawa in zai ɗauka, hannunsa ya san hanya. Kekensa mai ƙafa uku yana gefe, wanda ake tuƙawa da hannu. Shi da amininsa mai walda suka ƙera shi, suka shafa masa shuɗin fenti, suka sa masa hon mai ƙarar tsiya. In ka ji wannan hon ɗin da safe ka san gari ya waye.

Daga wannan rumfar ya biya min kuɗin makaranta, ya saya min keken ɗinkin da har yau nake takawa a shagona. Daga nan ya yi aure, ya haifi 'yarsa ɗaya tilo da muke ce wa 'Yar Baba, tana sakandare yanzu. Ni kuwa, da 'ya'yana huɗu da furfurata da ta fara leƙowa, har yau Auta yake ce min.

Mutum ne mai barkwanci, zai duba takalminka ya ce, "Wannan gyara kake so ko jana'iza?" Amma akwai abu ɗaya da ba ya wasa da shi. In ka biya shi ka ce ya riƙe canji, zai ƙwala maka kira har tsallaken titi: "Malam! Ka yar da kuɗinka!" Sai ka dawo ka karɓa, in ba haka ba gobe zai aiko maka da shi har gida. Kowa a layin ya san wannan halin nasa.

To, sai Kansila.

Kansilan nan ɗan bayan layinmu ne, mahaifiyarsa ta koyar da rabin unguwar, shi ya sa kowa ke ce masa Ɗan Malama. Yaya ya yi ta ɗinke masa takalmin makaranta har zaren ya fi robar yawa. Ya girma, ya je jami'a, ya dawo da fararen haƙora da wayoyi biyu, ya tsaya takara. Muka zaɓe shi, don me ba za mu zaɓe shi ba? Yaro ne namu, kuma mun gaji da tsofaffin da ba sa ganin mutum sai ranar ƙuri'a. Ya ce zai kawo mulki tafin hannunmu. Ashe da gaske yake, don daga ranar ba mu ƙara ganinsa a ko'ina ba sai a tafin hannun.

Kullum da safe akwai sabon bidiyo a shafinsa. Yau yana riƙe da shebur a bakin kwata, gobe yana shafa kan jariri a asibiti, jibi yana zaune a ƙasa cikin 'yan makaranta yana dariya. Ofishinsa kuwa kwaɗo ne a ƙofa. In famfo ya lalace ka rubuta a shafi, in an yi sata ka rubuta a shafi. Duk inda ya sa ƙafa akwai wani siririn saurayi mai baƙin tabarau a bayansa, shi ke ɗaukar bidiyon, shi ke yanka shi, shi ke rubuta abin da za a sa a kai. Darakta suke ce masa. Kansila ba ya gaishe da babba sai Darakta ya ɗaga masa yatsa.

Ranar da suka zo na kawo wa Yaya abincin rana ke nan, ina tsaye sai ga mota ta faka. Kansila ya fito da fara'arsa.

"Baba! Sannu da aiki. Muna so mu nuna wa matasa irinku ne, su ga yadda ake juriya."

Yaya ya ji daɗi, wallahi ya ji daɗi. Ya gyara hula ya ce, "Ɗan Malama, ai gara ku nuna musu. Yaran yanzu kowa ofis yake nema." Har ya jawo wani takalmi da yake sa wa dunduniya, wai ya nuna yadda ake yi.

Darakta ya haɗa yatsunsa ya leƙa ta tsakiya, ya girgiza kai. "Baba, kayan nan sun cika hoto. A ɗan matsar." Kafin ka ce me, yaransu sun kwashe takalman, sun ɗauke akwatin, sun tura keken shuɗin bayan katanga. Har wanda ke hannun Yaya suka karɓe. Ya rage shi kaɗai a kan tabarma, hannu biyu a cinya. Sai Darakta ya sunkuya ya ɗauki gwangwanin, ya juye ƙusoshin cikin akwati, ya mayar da shi gaban Yaya wayam, ya ja da baya ya ce, "Yawwa." Ina tsaye da kwanon abinci ina kallo, na ɗauka ko gudun kada Kansila ya taka ƙusa ne.

Aka buɗe bayan mota aka fito da keken asibiti, irin wanda sai an tura mutum, an ɗaure masa jan ribon. Kansila ya durƙusa ya rungume Yaya. Darakta ya ce rana ta haske fuska, a sake. Ya sake rungumewa. Aka ce wata mota ta gifta, a sake. Sannan ƙarti biyu suka ɗaga Yaya cak suka ɗora shi a keken, mutumin da ko ni bai taɓa yarda na ɗaga shi ba. Kunya ta sa yana ta dariya yana cewa, "Ai ina da nawa, ga shi can baya, ya fi wannan gudu." Gumi ya shiga idonsa, ya sa bayan hannu ya goge. Suka shiga mota suka tafi, ko kayan ba su mayar masa ba, ni na kwaso.

Da yamma 'Yar Baba ta shigo shagona da waya a hannu, fuskarta kamar an yi mata mutuwa. Ta ce, "Goggo, kin ga wannan?"

Ga Yaya nan zaune a ƙasa, ga gwangwani a gabansa. An cire muryarsa gaba ɗaya, an sa wani kiɗa mai sa kuka. Inda ya goge gumi, an rage gudun hoton, an maimaita shi sau biyu. A sama da manyan baƙaƙe an rubuta: "Shekara da shekaru wannan bawan Allah yana bara a bakin titi, babu wanda ya waiwaye shi. Yau mun share masa hawaye."

Bara! Innalillahi. Na ji jinina ya hau har kunnuwana suna ƙara. A ƙasa kuwa mutane sai zuba albarka suke, wannan ya ce Kansila uban marayu, wancan ya ce Allah Ya kai shi kujerar da ta fi wannan. Wata har ta rubuta wai ta sha ba wa tsohon nan sadaka. Ke wace ce? A ina? Maƙaryaciyar banza.

Mu muka kai wa Yaya wayar har gida. Ya sa 'yarsa ta karanta masa rubutun, ta karanta. Ya ce ta sake. Sannan ya ce, "Kuskure ne. Yaron nan ya san ni. Gobe za su gyara."

Washegari tun kafin ya gama shimfiɗa tabarma wata mata ta sauko daga mota ta jefa kuɗi a gwangwanin, a kan ƙusoshi. Ya kira ta, "Hajiya, kin yar da kuɗinki!" Ta juyo ta yi masa murmushin tausayi ta wuce. Kafin azahar an yi haka ya fi a ƙirga. Wasu samari suka zo daga wata unguwa can, suka tsuguna gefensa suka ɗauki hoto da shi ba ko sallama. Abin da ya fi ci min rai shi ne mutanen da suka daɗe suna kawo masa aiki. Wani ma'aikacin banki da Yaya ke goge wa takalmi kowane sati ya tsaya yana sosa ƙeya ya ce, "Baba, ashe haka abin yake, ba ka taɓa faɗa ba. Bar takalmin, ga wannan ka sha ruwa." Mutumin nan da idonsa yake ganin Yaya yana aiki kullum, amma da waya ta faɗa masa wani abu daban, wayar ya yarda da ita.

A makaranta kuma 'Yar Baba ta cire takalmi za ta yi alwala, ta dawo ta tarar an saka mata tsabar kuɗi a ciki, 'yan ajinsu suna ƙunshe dariya. Ta dawo gida ta kwanta ta juya fuska bango. A ranar Yaya ya daina cewa kuskure ne. Ya kira ni ya ce, "Auta, ba na son komai nasu. Kalmar nan kawai za su cire. Su rubuta sana'ata."

Kalma ɗaya fa! Na ɗauka abu ne na yini guda.

Na je ofis, maigadi ya ce rabonsa da ganin Kansila tun ranar da aka yi fenti, in rubuta a shafi. Na rubuta a shafi, cikin ladabi, har da "ranka ya daɗe", ni da na taɓa share masa majina. Na ce wannan yayana ne, mai gyaran takalmi ne, bai taɓa roƙon kowa ba, a taimaka a gyara. Wayyo, kamar na taɓo gidan rina. Wani ya ce nawa 'yan adawa suka biya ni. Wata ta ce muna ina lokacin da tsohon yake bara, sai yanzu da ya samu muka tuna ɗan'uwanmu ne. Wani yaro da na tabbata bai kai ɗana na fari ba ya ce min butulu. Na ajiye ladabin na ba su amsa daidai da su, ban rage komai ba. Kafin la'asar an goge maganata, an kuma toshe ni, ko shafin ba na iya gani.

Na je wurin Malama, mahaifiyarsa. Baiwar Allah ta riƙe hannuna ta ce ta gani, kuma ta kasa cin abinci, ta kira shi bai ɗauka ba. Ta ce, "'Yar nan, ni ma a wayar nake ganinsa."

Darakta kuwa a wurin wankin mota na ritsa shi, yana zaune a benci yana latse-latse. Na tsaya a kansa na ce, "Kai, ɗago ka dube ni. Da hannunka ka juye ƙusoshin nan. Ka san ba bara yake yi ba."

Ya ɗan zame tabarau ya ce, "Anti, ki kwantar da hankalinki. Ba a goge abin da ya riga ya tafi. Wannan bidiyon ya fi duk waɗanda muka taɓa yi tafiya. In muka taɓa shi, gobe 'yan adawa za su ce ƙarya muka yi."

"To ba ƙaryar kuka yi ba?"

"Labari muka gyara. Mai gyaran takalmi ya samu keke, wa zai tsaya ya kalla? Mutane abin da zai taɓa zuciya suke so. Kuma ai suna muka yi masa, yanzu wa bai san shi ba?"

Wallahi bokitin ruwan kumfa yana kusa da ƙafata, Allah ne kaɗai Ya riƙe hannuna. Na ce masa Allah Ya sa wata rana a gyara labarin ubansa haka, na juya na tafi.

Ana nan sai aka sanar Kansila zai zo buɗe wata 'yar kwalbati a ƙarshen layinmu, kuma wai kai tsaye za a nuna. Yaya ya ce, "Kai tsaye ba a yankawa, ko?" 'Yar Baba ta ce haka ne. Ya ce to shi ke nan. Ranar ya sa farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya hau keken asibitin nan da tun da aka kawo shi yake jingine a bayan ƙofa ana shanya tawul a kai. Ya ce in tura shi. Amininsa mai walda ya biyo mu da keken shuɗin. Ga ramuka, ga duwatsu, ƙafar keken sai maƙalewa take, na yi gumi sharkaf kafin mu isa.

Mutane sun taru, an ɗaura ribon a kwalbatin da bai kai tsawon tabarma biyu ba. Da Kansila ya hango mu fuskarsa ta washe, ya yafito Darakta. Na tura Yaya har gabansa. Yaya ya dafa hannun keken ya sauko ƙasa, a kan gwiwa da tafin hannu, yadda ya saba tafiya tun yana yaro. Ya tura keken gaban Kansila, ya ɗaga hannu ya nuna shi, ya yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ɗan Malama, ga kekenka, na gode, ina da nawa. Ni na ɗinke maka takalmin da ka je makaranta da shi, ko ka manta? Ka taɓa ganin na miƙa wa wani hannu? To dubi wayar nan ka faɗa wa mutanen da ke ciki sana'ata. Iyakar abin da ya kawo ni ke nan."

Ina kallon idon Kansila, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya ji kunya. Na ga yaron nan na dā, mai tsinkakken takalmi a hannu. Bakinsa ya motsa. Sai ya saci kallon Darakta, Darakta ya ɗan girgiza kai. Kansila ya sunkuya ya kama hannun Yaya da hannu biyu, ya juyo da fuskarsa wajen waya ya yi murmushi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Baba, za a gyara, in sha Allah."

Muka dawo gida Yaya yana danna hon tun daga kwalbati har ƙofa. Ya ce wa matarsa, "Na faɗa masa a gaban duniya." Har ya tsokane ni wai ban iya tuƙi ba, na kusa zubar da shi a kwata.

Ashe ba kai tsaye ba ne. Ɗauka kawai suka yi, suka ce wai sabis ya ƙi. Da yamma maƙwabciyarmu ta kawo wayarta, tunda ni an toshe ni. Ga Yaya cikin farar riga yana saukowa daga keke, ga shi a kan gwiwoyinsa, ga hannunsa a sama, ga Kansila yana kama hannun yana murmushi. Inda ya tura keken an yanke. Muryarsa babu, sai kiɗan nan dai. A sama an rubuta: "Kun tuna mabaracin da muka taimaka? Yau ya zo har ƙasa yana godiya. Baba, tashi, aikinmu ne."

Na yi ashar, na yi Allah ya isa har muryata ta dushe. 'Yar Baba ta fita da gudu. Yaya kuwa ya kalla har ƙarshe, ya miƙa wa matar wayarta, ya ce mata ya gode. Daga ranar bai sake ce min in je wurin kowa ba.

Da safe na bi ta rumfarsa. Na tarar ya juye ƙusoshin a tabarma, ya ɗora gwangwanin a kan ƙarfen da yake buga dunduniya, yana dukansa da guduma. Bai daina ba sai da ya zama falle. Ya jefa shi a kwandon shara, ya tattara ƙusoshin ya zuba a aljihun gaban rigarsa.

Har yau yana nan a jikin katangar kantin maganin, in takalminka ya tsinke ka kai masa, ka kuma karɓi canjinka. Barkwancin ya ragu. In baƙo ya tsaya a gabansa ba takalmi a hannu, ba ya ɗagowa. Kansila kuwa an ce kujerar gaba yake nema, kuma har yanzu bidiyon nan biyu ne a saman shafinsa.

Ƙusoshin suna huda aljihun, suna kuma sukar sa a ƙirji, duk singiletinsa ɗigo-ɗigon jini ne. Kowane ƙarshen sati matarsa tana aiko min da rigunan, ni nake ɗinke aljihun, na ninka masa ƙyalle biyu, su sake hudawa. Rannan na gaji na saya masa wata 'yar roba mai kyau na kai masa, na ce, "Yaya, don Allah ka zuba a nan, ka ga har murfi gare ta."

Ya juya ta a hannu, ya miƙo min abata. Ya ce, "In zan ɗauki ƙusa ai sai na buɗe ta, Auta. Kada ki ƙara kawo min abin da za a ajiye a gabana."